Tsarin Bodin Ƙaramar Motar Tsere Ƙirar Gida, Bisa Ma'aunin Ƙasar Karaye da Rogo

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda ake tsara bodi, watau jikin waje, na irin ƙaramar motar nan mara nauyi mai kujera biyu, wadda mutum kan harhaɗa da hannunsa bisa ƙwarangwal na bututun ƙarfe, ba rufi ba ƙofa. Ba za mu shiga zancen inji ko birki ba, sai inda suka tilasta wa bodi wata siffa. Mun ɗauki ƙasar Karaye da Rogo a yammacin Jihar Kano ta zama ma'auninmu, domin motar da za ta bar kwalta ta bi burji zuwa wuri irin Jajaye, cikin zafin bazara da ƙurar hunturu, ta kuma sami mai gyara ta a kasuwar ƙauye, ita ce za a ce an tsara ta don ƙasar nan. Ra'ayinmu shi ne, siffar bodi a wurin nan ya kamata ta fito daga abin da mai bugun bodi zai iya lanƙwasawa da kuma inda zafi zai fita, ba daga hoton motar da aka gani aka yi sha'awa ba.

Dalilin kawo wannan magana gaban malamai kuwa shi ne, ɗaliban sashen koyar da sana'a sun fara sha'awar ƙera mota a matsayin aikin kammala karatu. Galibin abin da muke gani, ana ƙare kuɗin da ƙarfin a kan kwaikwayon fuskar wata motar Italiya, a yi ta lafta mata fila har ta yi nauyin da injin ba zai ja ba, ko ya ja ya tafasa.

2. Asalin irin wannan mota

A shekarar 1957 ne Colin Chapman ya fito da Lotus Seven a Ingila, mota mai nauyin kimanin kilo 500, wadda akan sayar gunduwa-gunduwa mai saye ya haɗa a gida. Kamfanin Caterham ya sayi izinin ƙera ta a 1973. A 1996 Ron Champion ya wallafa littafi mai nuna yadda za a ƙera irinta da bututu mai kusurwa huɗu na milimita 25 da kayan tsohuwar Ford Escort, abin da aka sani da sunan Locost. A wannan shekarar kuma aka nuna wata da ɗalibi Niki Smart ya zana a Jami'ar Coventry, wadda ta zama Ariel Atom a 2000. Ita Atom ƙwarangwal ɗinta a waje yake, bodin bai wuce 'yan marufai ba. Muna roƙon malamai su lura cewa aikin ɗalibi ne asalinta.

A nan gida ma ba a rasa masu hannu ba. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, shi ya zana jikin samfurin Chevrolet Volt da aka nuna a Detroit a 2007, ya kuma shugabanci hukumar tsara motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. A 2019 Jerry Mallo daga Jos ya nuna motarsa Bennie Purrie a Abuja. Amma gadon da ya fi amfani ga mai ƙira a Karaye ya girmi waɗannan duka: masu yi wa manyan motoci bodin katako, da maƙeran adaka da tankin ruwa, da masu walda irin na Panteka a Kaduna, da 'yan kayan gyara na Ƙofar Ruwa a Kano.

3. Abin da bodi ke ɗauka da abin da ba ya ɗauka

Kafin mu yi nisa ya kamata mu bambance. A motar yau da kullum bodi da shasi abu ɗaya ne, shi ke ɗaukar nauyi da jijjiga. A irin wadda muke magana a kai ƙwarangwal ne mai wannan aiki, bututun da aka haɗa alwatika-alwatika don kada ya murɗe. Gaskiya ne falle da aka kafe a gefe ko a ƙasa yana ƙara masa ƙarfi, amma sauran bodin sutura ce. Aikinta ta tsare mutum daga tsakuwa da zafi, ta kai iska inda ake bukata. Duk kilo ɗaya da ya wuce wannan, kaya ne aka ɗora wa jaki.

Ga lissafi mai sauƙi. Fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1 yana da nauyin kilo 7.85 a kowace murabba'in mita. Alminiyo mai kaurin milimita 1.2 kuwa kilo 3.24 ne. In muka ƙaddara bodin zai ci murabba'in mita 5, na ƙarfe zai kai kilo 39, na alminiyo kilo 16. Bambancin kilo 23 a motar kilo 500 ba abin rainawa ba ne, kuma ba mu sa fila a lissafin ba.

Sai dai zaɓen falle bai kai zaɓen lanƙwasa muhimmanci ba, kuma a nan ne muke so mu daɗe. Lanƙwasa iri biyu ce. Akwai irin ta ganga ko mazurari, wadda ke karkata ta fuska ɗaya tak. Akwai irin ta ƙwarya, mai karkata ta kowace fuska. Hanyar ganewa ita ce a ɗauki kwali a naɗa a wurin. In ya kwanta ba tare da ya yamutse ba, irin ta farko ce, kuma duk maƙerin da ke yin adaka zai fitar da ita da bututu da guduma ta katako. In ya yamutse, sai dai a miƙar da ƙarfen da bugu, aikin gwani na kwanaki, ko a zuba da fayiba. Lotus Seven ta farko kusan duk jikinta lanƙwasa ce ta fuska ɗaya. Sai a 1960 aka mai da hancinta da marufan tayunta na fayiba.

Fayiba, watau zaren gilashi da ake jiƙawa da ruwan danƙo ya daskare, tana ba da kowace siffa, shi ya sa ɗalibai ke son ta. Amma sai an yi aiki uku kafin a sami abu ɗaya: a sassaƙa samfuri, a ɗauki mazubi daga jikinsa, sa'an nan a zuba ainihin kayan. Wannan wahala tana biya ga mai son guda hamsin, ba ga mai son ɗaya ba. Daɗin daɗawa, danƙon yana saurin kamawa cikin zafi, har ya daskare a gwangwani kafin a gama shafawa, ƙura kuma tana manne masa. In dutse ya fasa ta a hanyar Rogo, mai walda ba shi da abin yi mata. Alminiyo lotsawa yake yi, a buga ya koma. In ya taurare saboda bugu, akwai tsohuwar dabara: a goga masa sabulu, a gasa har sabulun ya yi baƙi, a bar shi ya huce, sai ya yi laushi. Saboda haka mu a ganinmu hanci kaɗai ya cancanci fayiba, shi ma in an ga dama ana iya yanka shi gida-gida a yi da falle.

Abu biyu ne za a kiyaye wajen kafewa. Alminiyo da ƙarfe in sun haɗu da danshi, alminiyon ne ke cinyewa, don haka a shafa fenti ko danƙo a tsakani kafin a sa rifit. Na biyu, gargadar burji tana sassauta rifit tana tsaga falle daga bakin huda, sai a kusanta su, kada kuma a huda dab da baki. Daɓen ƙasa dai muna ganin a yi shi da ƙarfe a walde, a yafe nauyin, domin shi ne tsakanin ƙafar direba da dutse.

4. Zafi da iska

Masu kwaikwayo sukan kafa hujja da cewa siffa mai santsi tana yanka iska. Haka ne, kuma Seven ba ta da kyau ta nan: ma'aunin turjiyar iskarta wajen 0.7 ne, na motar gida ta zamani kuwa wajen 0.3. Amma turjiya tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa, in gudu ya ninka biyu ita ta ninka huɗu. In muka ƙaddara faɗin gaban motar murabba'in mita 1.5, a gudun kilomita 80 cikin awa iska ba ta cin fiye da ƙarfin dawaki 9 ko kusa da haka. A burji kuwa wa zai kai 80?

Iskar da ta dame mu ita ce mai ratsa lagireto. Lagireto yana zubar da zafi gwargwadon tazarar da ke tsakanin ruwansa da iskar waje. In ruwa yana digiri 90, iska tana 20 kamar ranar bazara a Ingila, tazarar 70 ce. A watan Afrilu a ƙasar Kano, inda zafi kan kai 40, tazarar 50 ce. Ke nan lagireto ɗaya ya yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na aikinsa tun motar ba ta motsa ba. Wanda ya kwafi hancin da aka zana don Ingila ya kwafo wa kansa tafasa. Sai a fara zaɓen babban lagireto, a zana hanci a kewayensa, a toshe duk wata kafa ta gefe don iska ta bi ta cikinsa dole. Abin da aka fi mantawa shi ne mafita. Iskar da ta shiga ba ta sami hanyar fita ba tana hana wata shiga, don haka a tsaga kafofi a murfin inji da gefensa. Tsakanin inji da ƙafafun mutane a sa falle biyu da tazara, salansa kuma, da yake ta gefe take bi, a yi mata garkuwa mai huda-huda, don mai babbar riga zai fi kowa jin ta.

Injin da aka samu shi ke yanke siffar gaba. Peugeot 504, wadda aka harhaɗa a Kaduna tun daga 1975, tana tura tayun baya, injinta kuma a kishingiɗe yake, saboda haka murfinsa zai yi ƙasa amma ya yi faɗi ta gefe ɗaya. Yawancin motocin da ake samu a yanzu tayun gaba suke ja. Mai amfani da injinsu sai ya mai da shi bayan kujeru kamar Atom, ya sa bakin shaƙar iska a sama, nesa da ƙurar da tayu ke tayarwa.

5. Tayu da bakin falle

Marufin taya iri biyu aka sani a Seven: dogo mai kama da fiffike, da gajere mai juyawa tare da taya. Dogon yana tara iska a ƙarƙashinsa ya rage wa gaba nauyi in ana gudu. Gajeren ya fi, amma a damina laka tana cushewa, sai a bar tazarar yatsu uku, a kuma ƙarfafa sandunan da ke riƙe shi, don su gargada ke fara karyawa. Marufan baya suna shan tsakuwar tayun gaba, a lulluɓe fuskarsu da roba. Tsayin ciki daga ƙasa, Seven ba ta fi faɗin tafin hannu ba. Mu ba za mu amince wa ɗalibi da ƙasa da santimita 18 ba.

A Birtaniya, gwajin da ake yi wa motar ƙirar gida tun 2009 yana neman a dakusar da duk bakin da mutum zai iya gogawa, lanƙwasarsa kada ta gaza milimita 2.5. Wannan ƙa'ida ta fi dacewa da mu, inda hanya ɗaya ce ta mota da babur da yara da tumaki ranar kasuwa. Maƙeran bokiti sun daɗe da maganinta: su naɗe bakin falle a kan waya. Muna ba da shawara kada malami ya bari a yanka falle ko ɗaya sai an gama bodin duka da kwali a jikin ƙwarangwal, mutum mafi tsawo a ajin ya shiga ya zauna, ya juya sitiyari iyaka dama da hagu, ya taka birki, ya kuma fito ba tare da an kama masa hannu ba.