Allo mai walƙiya a bakin hanya: shin yana rage gudun mota?

Duk wanda garinsu ke bakin kwalta ya san yadda ranar kasuwa take. Tun da hantsi amalanke ke fitowa daga ƙauyuka, ɗauke da damman gero da buhunan wake. Mata na tsallaka hanya da ƙwaryar nono a ka. Yara na kora awaki, ƴan kabu-kabu na kai da kawowa. Ana cikin haka sai ga babbar mota ta taso daga nesa, ta ratsa tsakiyar gari kamar a dokar daji take tafiya. In an yi sa'a, ƙura kaɗai za ta bari. In ba a yi sa'a ba, sai wani gida ya kwana cikin makoki.

Babbar hanyar ƙasarmu ta taso daga Yamai, ta bi ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Galmi, Madawa, Maraɗi da Tasawa, ta kai Damagaram, ta wuce har Difa. Hanya ce ta arziki. Ta nan albasa ke fita, ta nan hatsi da dabbobi ke isa kasuwa. Amma ta ratsa garuruwa da yawa, inda gidaje ke gefe guda, rijiya da gonaki da makaranta ke ɗaya gefen. Mutanen waɗannan garuruwa ba su da zaɓi, dole su tsallaka ta kullum.

Haɗarin hanya ciwo ne kamar sauran cututtuka

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da rahoto a shekarar 2023. Rahoton ya ce haɗarin hanya na kashe mutane kusan miliyan 1 da dubu 190 a duniya kowace shekara. Shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa ƴan shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin masu mutuwa ba a cikin mota suke ba: masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur. In aka kwatanta da yawan jama'a, a Afirka abin ya fi muni.

Ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne gudu. Saboda haka ƙasashe da yawa ke neman dabarar da za ta sa direba ya sassauta ƙafa in ya iso wuri mai haɗari. Cikin waɗannan dabaru akwai allo mai walƙiya. Bari mu ga mene ne shi, da abin da ya iya, da abin da bai iya ba.

Yaya allon yake aiki?

Allon hanya da muka saba gani ƙarfe ne da fenti. Yana tsaye dare da rana, ba ya canzawa. Direban da ke bin hanya kullum yakan daina ganinsa, kamar yadda mutum ke daina ganin itacen ƙofar gidansu.

Allo mai walƙiya ya sha bamban. A jikinsa akwai wata ƴar na'ura da ake kira rada, wadda ke auna gudun motar da ke tahowa tun tana nesa. Akwai kuma ƙananan fitilu masu haske ƙwarai, waɗanda ake gani ko da rana tsaka. Da yawa daga cikin allunan da hasken rana suke aiki: faranti a sama, batir a cikin akwati.

Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko yana zaune a duhu, ba ya nuna kome. Sai mota ta wuce gudun da aka ƙayyade, sannan ya kama walƙiya, ya nuna lambar da ya kamata a bi, ko hoton kwana, ko na mararraba. Na biyu yana nuna wa direba gudunsa da manyan lambobi. In yana cikin ƙa'ida, lambar ta fito koriya. In ya zarce, ta fito ja. Wasu har fuska suke nunawa, mai murmushi ko mai ɗaure. Wannan na biyu ya yaɗu a ƙasar Faransa tun daga shekarar 2011, kuma ana yawan kafa shi a mashigar ƙauyuka da kusa da makarantu.

Abin lura shi ne, allon ba ya kama kowa, ba ya cin tarar kowa. Aikinsa tunatarwa. Kamar abokin tafiya ne da zai taɓa kafaɗar direba ya ce masa: malam, ka shigo gari.

Me aka gani a inda aka gwada?

A ƙasar Ingila akwai wata cibiya mai binciken sha'anin hanyoyi, sunanta TRL. A shekarar 2002 ta bayyana sakamakon wani babban gwaji. An duba alluna fiye da 60 a yankuna 4 na ƙasar, galibi a hanyoyin karkara. Waɗannan alluna irin na farko ne, masu zama a duhu sai mai gudu ya zo.

Ga abin da aka samu. Inda allon ke tuna wa direba lambar gudu, motoci sun rage kimanin kilomita 6 a awa. Inda yake gargaɗi kan kwana ko mararraba, ragin ya kai har kilomita 11 a wasu wurare. A yankin Norfolk, inda aka fi kafa allunan, haɗari ya ragu da kashi 1 cikin 3 a wuraren da aka sa su. Kuma ko bayan shekara 3, direbobi ba su daina kula da su ba.

A shekarar 2008 cibiyar ta sake bayyana wani gwaji, a wata unguwa ta birnin Landan. Wannan karon allo na biyu aka duba, mai nuna wa direba gudunsa. Sakamakon bai kai na farko ba. Gudu ya ragu da kilomita 2 da ɗan wani abu kawai. A makon farko allon ya fi tasiri, daga nan tasirin ya riƙa raguwa. Da direba ya wuce shi da ɗan nisa, sai ya koma taka mai. Da aka cire allon kuma, gudu ya koma yadda yake a da. Shi ya sa masu binciken suka ba da shawarar a riƙa ɗauke shi bayan mako 2 ko 3, a kai shi wani wuri.

Manomi ba zai yi mamakin wannan ba. In ka kafa mutum-mutumi a gonar gero, ranar farko tsuntsaye ba sa kusantar wurin. Bayan kwana kaɗan sai su gane ba ya jifa, ba ya ihu. Wata rana ma a kansa za su sauka. Manomi mai dabara yakan canza masa wuri, ya canza masa riga, kuma lokaci lokaci ya turo yaro da majajjawa.

To me ya sa allunan karkara suka daɗe suna aiki? Ana iya fahimtar dalili. Ba kowa suke yi wa walƙiya ba, sai wanda ya zarce. Kuma suna faɗa masa abin da ke gabansa. Direba ya ga hoton kwana, ya rage gudu, sai ga kwanar da gaske. Gobe in allon ya yi magana zai yarda da shi. Gargaɗin da ke da dalili ya fi daɗewa a zuciya.

Kilomita 6 wani abu ne?

Wani zai ce, ragin kilomita 6 ai ba kome ba ne. A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Mu yi lissafi tare.

Mota ba ta tsayawa nan take. Kafin direba ya ga yaro, ya ɗaga ƙafa, ya taka birki, daƙiƙa 1 ta wuce. Bayan haka sai tayoyi su ja ƙasa kafin motar ta tsaya. A busasshiyar kwalta, da ƙaramar mota mai birki nagari, ga nisan da ake bukata:

Mai gudun kilomita 30 a awa yana tsayawa cikin mita 13.

Mai gudun kilomita 50 yana bukatar mita 28.

Mai gudun kilomita 90 yana bukatar mita 70.

Babbar mota mai lodi tana bukatar fiye da haka. In ruwa ya jiƙa hanya, ko rairayi ya hau kanta, ko tayoyi sun suɗe, nisan ƙaruwa yake yi.

A ce yaro ya fito da gudu bayan akuya, mita 30 a gaban mota. Mai gudun 50 zai tsaya dab da shi. Mai gudun 90 kuwa, lokacin da zai isa wurin yaron, bai daɗe da taka birki ba.

Ƙarfin bugu ma haka yake. OMS ta ce in mota ta buge mai tafiya a ƙasa da gudun kilomita 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka na gudun 50 sau 4 da rabi. Ta kuma ce duk lokacin da gudun motoci ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, haɗari mai kisa na ƙaruwa da kashi 4 cikin 100. Shi ya sa take kira da a tsaya a kilomita 30 a wuraren da mutane da motoci ke cuɗanya, kamar bakin kasuwa da ƙofar makaranta.

Me direba ke asara in ya rage? In tsawon gari kilomita 1 ne, mai gudun 90 zai ratsa shi cikin daƙiƙa 40. Mai gudun 50 zai ratsa cikin daƙiƙa 72. Bambancin daƙiƙa 32 ne, bai kai lokacin shan kofin shayi ba.

Abin da allon bai iya ba

Allon na taimakon direban da ya sha'afa: wanda ya taso daga doguwar tafiya, ƙafarsa ta saba da mai, bai ankara ya shigo gari ba. Irin waɗannan suna da yawa. Amma wanda ya yi niyyar gudu, ko wanda barci ya rinjaya, ko wanda ya sha ƙwaya, ko wanda birkinsa ya lalace, walƙiya ba ta tsayar da shi.

Allon kuma na'ura ce, yana son kula. A ƙasa irin tamu, ƙurar hunturu na iya rufe farantin, zafin bazara na gajiyar da batir, kuma faranti da batir kaya ne da ke jan idon ɓarawo. Allon da ya mutu ya fi rashinsa illa, don direba zai ga duhu ya zaci gudunsa daidai ne.

Akwai kuma dabarun da ba su bukatar wuta. A ƙasar Gana, a mararrabar Suhum da ke kan hanyar Akara zuwa Kumasi, an jera ƙananan kunyoyi a kan kwalta, masu girgiza mota in ta taka su da gudu. Tsakanin Janairun 2000 da Afrilun 2001, haɗari ya ragu da kimanin kashi 35 cikin 100 a wurin, mutuwa kuma ta ragu da kimanin kashi 55. Allo roƙon direba yake yi, kunya kuwa tilasta shi take yi. In aka haɗa su, allon ya yi gargaɗi tun daga nesa, kunyar ta cika aiki. In jandarma na tsayawa wurin lokaci lokaci, to, an sami yaro mai majajjawa.

Shawara ga mutanen gari

In maganar kare hanya ta taso a garinku, ga tambayoyin da ya kamata a kai gaban mai gari da magajin gari. A ina haɗari ya fi faruwa, kuma a wane lokaci? Gudu ne ke kawo shi, ko duhu, ko kasa kaya a kan kwalta? In allo za a saya, wa zai riƙa share farantin? Wa zai tsare shi? Da wane kuɗi za a sake batir? Ku da kuka koyi karatu da rubutu kuna da aiki a nan. Ku sami littafi, ku riƙa rubuta rana da wuri da lokacin kowane haɗari. Hukuma ta fi saurin jin maganar da ke rubuce.

Kada mutanen gari su gina tudu a kan kwalta da kansu cikin fushi. Tudun da ba shi da fenti, ba shi da alama, yana kifar da mota da dare, yana kayar da mai babur. A nemi ma'aikatan hanyoyi su yi shi bisa ƙa'ida.

Kafin a sami allo ko kunya, akwai abin da kowa ke iyawa tun yau. Mai amalanke ya yi ƙoƙarin isa gida kafin magariba. In dare ya same shi, ya rataya fitila ko abu mai ƙyalli a bayan amalanken. Makiyayi ya tsallakar da garke a fili, inda ake hango shi daga nesa, ba a kwana ba. Mai tafiya a ƙasa ya bi gefen da zai riƙa fuskantar motocin da ke tahowa. Iyaye su koya wa yara tsayawa, su duba hagu, su duba dama, su sake duba hagu. A lokacin tashin ƴan lakwal, wani babba ya tsaya ya tsallakar da ƙanana. Fasinja kuma kada ya ji nauyin cewa direba ya rage gudu. Ransa ne a cikin motar.

Allo mai walƙiya yana aiki, in an kafa shi inda ya dace, aka kuma kula da shi. Yana rage gudu kaɗan, kuma a cikin wannan kaɗan ɗin akwai rayukan mutane. Amma allo ba shi da ƙafar taka birki. Wannan ƙafa ta direba ce. Ƴan uwa direbobi, in kun hango rufin gidaje da rumfunan kasuwa, ku sassauta, ko da allo ko babu. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye hanya.