Saƙo da Baki ko Amsar "Ina Tuƙi": Wanne Ya Fi wa Direba?

Abu biyu wayar zamani za ta iya yi maka da zarar ta haɗu da Bluetooth na motarka. Tana iya karanta maka saƙon da ya shigo ta lasifikar mota, ka faɗa mata amsa da baki, ta rubuta ta tura, hannunka na kan sitiyari. Tana kuma iya yin gum, ta riƙe saƙon har ka tsaya, ta sanar da mai shi cewa kana tuƙi. Cuta ɗaya aka yi su don magancewa, wato direban da ke latsa waya mota na gudu. Na gwada duka biyun, kuma a wurina ba kunnen doki suka yi ba.

Ita cutar ba ƙarama ba ce. A 2009 cibiyar binciken sufuri ta jami'ar Virginia Tech a Amurka ta fitar da sakamakon kyamarorin da ta maƙala a cikin manyan motoci. Direban da ke rubuta saƙo ya ninka wanda ba ya yi sau 23 wajen yiwuwar yin hatsari ko tsallake rijiya da baya, domin idonsa kan bar hanya na kusan sakan 5. Mai gudun kilomita 100 a awa kan ci mita 140 a wannan ɗan lokacin. Wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san abin da mita 140 ke iya ɓoyewa: rami, ɗan acaɓa da ya yanko ba zato, ko tirelar da ta lalace aka zuba ganye a bayanta.

Masu ƙera motoci da wayoyi sun fara da amsar da ta fi kusa da hannu: tunda ido da yatsa ne matsalar, a mayar da aikin ga baki da kunne. A 2007 kamfanin Ford ya fito da tsarin SYNC mai karanta wa direba saƙonni. Siri ta zo da iPhone 4S a 2011, CarPlay ya biyo a 2014, Android Auto ya shiga motoci a 2015. A ƙarƙashin wannan akwai ƙa'idoji biyu na Bluetooth da ya kamata mai mota ya sani. Ɗaya ana kiranta HFP, ita ke kai sautin kira tsakanin waya da lasifika da makirfon na mota. Ɗayar MAP, ita ke ba motar damar ganin saƙonnin tes. Shi ya sa za ka ga tsohuwar mota 'yar Kwatano tana amsa kira lafiya lau amma ba ta san an turo saƙo ba, haka ma 'yar na'urar nan da ake sokawa a gurbin kunna taba. Masu Android da ke son ƙwaƙule-ƙwaƙule kan cike giɓin da manhajoji irin su Tasker ko MacroDroid, su tsara cewa duk lokacin da waya ta ga Bluetooth na mota, ta fara karanta saƙonni da ƙarfi.

Ba zan ƙi gaskiya ba, wannan hanya ta fi latsa waya nesa ba kusa ba a wuri ɗaya: ido na iya zama a kan titi. Ga direban da dole ya ji an canza masa wurin sauke kaya, ko likitan da ake nema a asibiti, jin saƙo a kunne alheri ne.

Sai dai tuƙi ba aikin ido da hannu kaɗai ba ne, kuma a nan ne na fara ja da baya. David Strayer na jami'ar Utah, tare da gidauniyar AAA mai binciken lafiyar hanya, ya auna yadda ayyuka daban-daban ke cin hankalin direba, ya jera su daga mataki na 1 zuwa na 5. A rahotonsu na 2013, sauraren rediyo yana kusa da mataki na 1, hira a waya ta ɗan wuce 2, aika saƙo da baki kuwa ya haura 3. Abin lura, na'urar da suka yi gwajin da ita ba ta kuskuren ji. A 2015 suka ƙara gano cewa bayan direba ya gama ba na'ura umarni, hankalinsa na iya ɗaukar har sakan 27 kafin ya dawo kan hanya gaba ɗaya. A gudun cikin gari na kilomita 40 a awa, mita 300 ke nan. Cibiyar sufuri ta jami'ar Texas A&M ita ma ta gwada direbobi a 2013, ta ga cewa ko da baki suka aika saƙo ko da yatsa, lokacin da suke ɗauka kafin su mayar da martani ga abin da ya gitta kan ninka kusan sau biyu. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya gwada. Kana shirya jimla a kai, kana sauraren na'ura ta maimaita maka, kana tantance ko ta ji daidai. Idonka na kallon titi, amma kai ba ka wurin.

Ga Bahaushe kuma akwai ƙarin kaya, wato harshe. Siri ba ta jin Hausa. Google ya sanar a 2024 cewa ya ƙara Hausa cikin harsunan Afirka da za a iya rubutawa da murya a madanninsa na Gboard, abin farin ciki ne, amma wannan madanni ne da ake taɓawa a fuskar waya. Wanda ya bar wayarsa a Turanci, kamar yawancinmu, idan aka turo masa "Ka iso lafiya?" zai ji muryar Baturiya tana tauna kalmomin har ya kasa gane su. Sunaye ma bala'i ne. Wata rana ina fita daga Kaduna na ce a aika wa ƙanena saƙo, na'urar ta kawo sunan wani daban, na soke, na sake, ta sake kawo wani. Kafin in ankara na kai hannu ga wayar don in gyara, wato na koma daidai inda na gudu. Mu kuwa saƙonmu ba ya tafiya tsirara. Sai an yi sallama, an tambayi gida da aiki, kuma Hausa da Turanci da Larabci kan haɗu a layi ɗaya.

Sannan motarmu ba kasafai take zama ta mutum ɗaya ba. Saƙon banki ko na iyali da lasifika za ta karanta a gaban surukai ko fasinjoji, ba a iya mayar da shi.

Hanya ta biyu, wato amsar "ina tuƙi", ba ta da ƙyalƙyali ko kaɗan. Apple ya sa ta a iPhone a 2017 da tsarin iOS 11. Ana iya saita ta ta kunna kanta idan waya ta haɗu da Bluetooth na mota. Sanarwa ta daina fitowa, wanda ya turo tes ya sami amsar da ka riga ka rubuta. Idan abin na gaggawa ne, zai turo kalmar Turanci "urgent", saƙonsa ya ratso. Kira kuma yana shigowa ta lasifikar mota. Wayoyin Android da dama suna da irin wannan yanayi na tuƙi, kuma manhajojin da na ambata a sama suna iya yin aikin. Ba ta neman komai daga hankalin direba, kuma ba ruwanta da ko ta iya Hausa, tunda kai ka rubuta amsar tun kana zaune a gida.

Tana da nata aibin. Amsar iPhone ta kai-tsaye tes take bi, ba ta shiga WhatsApp, inda mafi yawan hirarmu take. Akwai kuma batun kunya: yaya mahaifinka ko malaminka zai turo saƙo, na'ura ta ba shi amsa? Wannan damuwa ce ta gaske, amma maganinta na hannunka. Rubuta amsar da ladabin da za ka yi magana da shi: "Assalamu alaikum. Ina kan hanya ina tuƙi, da na tsaya zan kira insha Allah." Ban taɓa ganin dattijon da ya yi fushi da wannan ba. Abin da ya fi damuna shi ne tsaro. A hanyoyin da ake fargabar masu garkuwa da mutane, bai dace kowace baƙuwar lamba ta san kana tafiya ba. Ka taƙaita amsar ga zaɓaɓɓun mutanenka, wayar na ba da wannan dama.

Wani zai ce ai saƙon murya na WhatsApp ya raba gardama, tunda da Hausa kake yi, ba mai fassara ka. Gaskiya ne ya kauce wa matsalar harshe. Amma galibi sai ka ɗauki wayar, ka nemo sunan, ka danna, kuma riƙe waya ana tuƙi laifi ne da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke kama mutane a kai.

Da na ɗora hanyoyin biyu a sikeli, ta farko ta rage wa direba aiki ne kawai, ta kuma sa shi jin cewa ya tsira alhali hankalinsa a rabe yake. Ta biyu ta ɗauke aikin ɗungurungum. Ni dai na zaɓi ta biyu. Karanta saƙo da murya na bar shi ga lambobi biyu kacal, kuma ko su ba na ba su amsa sai na gangara gefen titi. Ɗan'uwa mai mota, kafin ka tayar da inji gobe da safe, ka ɗauki minti 5 ka rubuta amsarka da Hausa, ka zaɓi waɗanda za ta je wa, ka haɗa ta da Bluetooth na motarka.