Dandalin haɗin gwiwar ma'aikata

Dandalin haɗin gwiwar ma'aikata manhaja ce da hukuma ko kamfani ke amfani da ita domin ma'aikatansa su adana takardu wuri ɗaya, su gyara su tare, su aika saƙo, kuma su bi sawun fayil daga tebur zuwa tebur ba tare da takarda ba. Ana cewa dandali yana da ingancin aiki idan shafukansa na buɗewa da sauri, yana ɗaukar mutane da yawa a lokaci guda, kuma ba ya yawan tsayawa. A wurare irin su kudancin Jihar Katsina, ingancin ya fi dogara da nisa da ƙarfin sabis da wutar lantarki fiye da girman kwamfutar da aka saya.

Tarihi

Lotus Notes, wadda ta fito a 1989, tana cikin manhajojin farko na wannan fanni. Microsoft ya fitar da SharePoint a 2001, Google Docs ta biyo baya a 2006, Slack a 2013, Nextcloud a 2016, sai Microsoft Teams a 2017. Da farko kowace hukuma kan ajiye uwar garkenta a cikin gininta. Daga baya da yawa suka koma haya a manyan cibiyoyin bayanai, tsarin da ake kira girgije.

Tsarawa

Kafin a sayi na'ura, masu tsarawa kan ƙiyasta abubuwa huɗu: yawan masu amfani, nawa ne daga cikinsu za su shiga a lokaci guda, girman fayilolin da za a ajiye, da kuma yadda za su ƙaru a shekara. Ana yin lissafin ne da ranar da aiki ya fi cunkushewa. A yankin noma kamar Kafur da Malumfashi da Funtua, hukumar da ke rajistar manoma za ta fi samun cunkoso gab da faɗuwar damina, lokacin rabon taki da iri, sannan da kaka. Dandalin da aka auna da aikin watan Fabrairu zai iya durƙushewa a watan Yuni.

Yawancin dandaloli suna da hawa uku: sashen da ke karɓar buƙatun masu amfani, sashen ayyuka kamar bincike, da rumbun bayanai. Ana raba su a na'urori daban-daban, a kuma sa mai raba nauyi a gaba, ta yadda idan ɗaya ta lalace sauran su ci gaba. Ana kuma tsayar da lokacin da za a yarda dandalin ya tsaya. Alƙawarin kashi 99.9 cikin ɗari yana nufin tsayawar kusan awa 9 a shekara.

Nisa da jinkiri

Saƙo yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya a cikin wayar fayiba, don haka kowace kilomita 1,000 tana ƙara aƙalla milisakan 10 na zuwa da dawowa. Wayar MainOne da ta fara aiki a 2010 tana da tsawon kusan kilomita 7,000 tsakanin Fotugal da Legas, wato milisakan 70 kafin a ƙara tafiyar Legas zuwa arewa. Idan shafi yana bukatar buƙatu 40 bi da bi, kowace tana cin milisakan 100, mai amfani zai jira daƙiƙa 4 komai ƙarfin uwar garken. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa na farko a Afirka a 2019, a Johannesburg da Cape Town, amma su ma suna da nisa daga Katsina.

Faɗin layi wata matsala ce daban. Fayil mai megabait 5 yana ɗaukar daƙiƙa 40 a layin megabit 1, kuma idan ma'aikata goma suna raba layin, jiran yana ninkuwa.

Daidaitawa

Bayan dandali ya fara aiki, ana auna shi, a gano inda yake sarƙewa, a gyara abu ɗaya, a sake aunawa. Hanyoyin da aka fi bi sun haɗa da:

Ma'ajiyar wucin gadi: ajiye kwafin hotuna da shafukan da ake yawan buɗewa kusa da mai amfani.

Rage nauyin shafi: matse hotuna da takardun da aka ɗauka da waya kafin a ɗora su.

Tsara rumbun bayanai: sa fihirisa a ginshiƙan da ake yawan bincika. A SharePoint, jerin da ya wuce abu 5,000 yana fara ba da matsala wajen nunawa idan babu fihirisa, kuma Microsoft ya ba da shawarar kada rumbun abun ciki ya wuce gigabait 200 a amfani na yau da kullum.

Taƙaita tsofaffin kwafi: kowane gyara yana barin kwafi, kuma idan ba a sa iyaka ba sukan cinye wurin ajiya.

Jinkirta manyan ayyuka: yin ajiyar kariya da sabunta fihirisar bincike da dare.

Aiki ba tare da intanet ba: ma'aikaci ya cike bayanai a wayarsa, su tafi da kansu idan sabis ya dawo.

A Najeriya

Gwamnatin Tarayya ta kafa Galaxy Backbone a 2006 domin samar wa ma'aikatu intanet da wurin ajiyar bayanai. Kamfanin yana da cibiyar bayanai a Abuja da wata a Kano, wadda ta fi kusa da jihohin arewa maso yamma. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje, don haka zaɓen inda za a ajiye dandali ya shafi doka da sauri baki ɗaya. A fannin lafiya, ƙananan hukumomi suna shigar da rahotannin asibitoci na wata-wata a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta Norway ke kula da ita.

Abubuwa biyu sun nuna haɗarin dogaro da hanya ɗaya. A watan Satumba 2021, aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 daga cikin 34 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtua da Bakori da Malumfashi, kuma sai a watan Disamba aka fara buɗe su. A ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, abin da ya taɓa bankuna da ayyukan Microsoft a Najeriya.

Saboda haka tsarin da ya dace da ofishin ƙaramar hukuma kamar Kafur yakan haɗa layin kamfanonin waya biyu, sola da batir domin lokacin ɗauke wutar KEDCO, da kwafin muhimman takardu a cikin ofis. Gwajin ƙarshe kuma ana yin sa ne a ofishin da ya fi raunin sabis, da irin wayar da ma'aikata ke riƙewa, domin sakamakon da aka samu a hedikwata ba ya nuna abin da malamin gona zai gani a ƙauye.