Kayan da Bai Kai Tiya Ba, Amma Ya Tara Duniya a Zariya

Mai karatu, a ce an damƙa maka ajiyar wani kaya da nauyinsa bai kai tiyar gero ɗaya ta kasuwar Sara da ke Gwaram ba, sannan aka raɗa maka cewa Amurka da Sin ba sa runtsawa saboda shi. Ya za ka yi? To, Jami'ar Ahmadu Bello ta riƙe irin wannan amana shekara 14 cur.

A 2004 aka kunna tukunyar nukiliya ta farko a Najeriya, NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, a cibiyar binciken makamashi ta jami'ar da ke Zariya. Ba ta ba kowa wutar lantarki. Aikinta gano sinadaran da ke cikin ƙasar noma da duwatsu da abinci. Abin da take ci a lokacin shi ne yuraniyom, kilo ɗaya da 'yan kai. Ina abin tsoro a nan?

Zo mu je gindin Dutsen Habude a Birnin Kudu, inda mutanen zamanin dā suka bar mana zanen shanu. Ɗauki tsakuwa ka yi ta farfasawa a zuci har ka kai ƙwayar zarra. Ita ma tana da 'yan ciki: furoton da nutron sun dunƙule a tsakiya, elektron na kewaya su daga nesa. Da zarra za ta kai girman filin ƙwallo, dunƙulen nan ba zai wuce ƙwayar gero ba, amma kusan dukkan nauyin a can yake. Irin waɗannan duwatsu ma ba su rasa burbushin yuraniyom, kuma yara na hawansu lafiya lau. Ashe ba kowane yuraniyom ne abin gudu ba.

Kowace zarrar yuraniyom furoton 92 gare ta. Amma fiye da kashi 99 cikin 100 na wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar nutron 146 yake da su, ɗan ragowar kuma 143. Nutron uku kacal! Mai 143 ɗin nan shi ne mafaɗaci: nutron ɗaya ya same shi sai ya tsage, ya saki zafi, ya watso wasu nutron su tsaga maƙwabta. Na Zariya an tace shi har mafaɗacin ya kai kashi 90, matakin da ake ƙera bam. Kilo ɗaya bai isa bam ba, amma da yayyafi kogi kan cika, ga kuma Boko Haram a ƙasar.

A Oktoban 2018 ƙwararru daga Amurka, Birtaniya, Norway, Sin, Czech da Rasha suka hallara a Ghana, a shirye su zo su ɗauke yuraniyom ɗin Zariya. Kwatsam rikici ya ɓarke a Kasuwan Magani, aka rasa rayuka fiye da 50, gwamnati ta sa dokar hana fita a Kaduna. Da kai ne shugaban tawagar, mai karatu, za ka shigo ko za ka koma gida?

Sun shigo. Aikin da aka saba yi cikin kwanaki, su da masanan Zariya suka gama shi cikin kwana ɗaya. Ni waɗannan 'yan gida su suka fi burge ni, domin su ne suka yi shekaru suna kwana suna tashi da amanar, ba tare da ko ƙwaya ta salwanta ba.

A Disamba wani ƙaton jirgin dakon kaya, Antonov, ya tashi daga Kaduna zuwa Sin. A cikinsa akwai tulun ƙarfe mai nauyin tan 30, an rufe kilo ɗayan nan a ciki. Tukunyar Zariya kuwa ta koma aiki da sabon yuraniyom wanda mafaɗacin cikinsa kashi 13 ne kawai.