Zaɓen Kamshaf Ga Tsohuwar Motar Hawa

A Amurka akwai mutane masu yawa da su ke kiwon tsofaffin motoci kamar yadda ma'abota kilisa ke kiwon dawaki. Injin da su ka fi ƙauna shi ne mai silinda takwas wanda kamfanin Chevrolet ya fito da shi a 1955, da ƙanensa da a ke kira 350, wanda ya fito a 1967. In mai irin wannan mota ya so ƙara mata kuzari, abin da ya kan fara tunanin sakewa shi ne kamshaf. Nufina a nan in bayyana yadda a ke zaɓensa, da dalilin da ya sa matsakaici ya fi babba amfani ga motar yawon gari.

Kamshaf wani sanda ne na ƙarfe mai tozaye a jere. Kowane tozo shi ke buɗe bawul guda, ko na shigar iska da fetur, ko na fitar hayaƙi. In kiranshaf ya juya sau biyu, shi sau ɗaya ya ke juyawa. Watau dai shi ne mai tsaron ƙofa: shi ke faɗin lokacin buɗewa, da faɗin buɗewar, da daɗewarta.

Masu sayarwa su kan ba da lambobi uku. Ta fari ita ce daɗewa, watau digiri nawa kiranshaf ya ke juyawa bawul na buɗe. A kan auna ta daga inda tafet ya ɗagu da inci 0.050, don a iya gwada na wannan kamfani da na wancan. Na ainihin injin 350 na yau da kullum kusan digiri 195 ne a gefen shiga. Matsakaicin da na ke magana a kai ya kan faɗa tsakanin 205 da 218. Ta biyu ita ce ɗagawa, watau nisan da bawul ya ke yi daga mazauninsa. Wajen inci 0.450 ya wadatar. Ta uku ita ce tazarar da ke tsakanin tozon shiga da na fita. Digiri 112 zuwa 114 sun fi sa inji ya yi silo a natse, 106 ko 108 kuwa su ke kawo gurnani da kakkarwa.

To, ga inda maganar ta ke. Babban kamshaf ba ya ƙago ƙarfi daga babu, ɗauke shi ya ke yi daga ƙasa ya kai sama. Ya kan bar bawul ɗin shiga a buɗe har bayan fistan ya soma hawowa. In inji na gudu ƙwarai, iskar da ke kwararowa da ƙarfinta ta kan ci gaba da cika silinda, sai a sami riba. Amma in a hankali ya ke juyawa, sai fistan ya kore wani kashi na iskar ta koma inda ta fito, matsi ya ragu, mota ta yi nauyin tashi. Alhali kuwa yawancin tuƙin gari tsakanin juyi 1,500 ne da 3,500 a minti. Ashe wanda ya sayi kamshaf mai nuna bajinta a juyi 6,000 ya sayi dokin sukuwa ne don ɗaukar itace.

Akwai kuma maganar birki. Yawancin motocin nan da zuƙar iskar inji birkinsu ke samun taimako. Lafiyayyen inji na ainihi ya kan ja inci 17 zuwa 20 a ma'aunin zaiba in ya na silo. Babban kamshaf ya kan bar bawul biyu a buɗe tare na lokaci mai tsawo, sai zuƙar ta faɗi, birki ya yi tauri a ƙafa. Wannan kuwa ya wuce maganar jin daɗi, magana ce ta rai.

Saboda haka, kafin a sayi kome, ina ba da shawara a dubi abu uku. A san matsin injin: daga 1971 kamfanin General Motors ya rage shi zuwa wajen 8.5 bisa 1 saboda fetur maras darma, irin wannan inji kuwa ba ya jure doguwar daɗewa. A dubi giya: mota mai nauyi, mai giyar da ke sake kanta, ta fi son ƙaramin kamshaf. A dubi girman inji: abin da ya ke matsakaici ga 350, babba ne ga 283. In mutum ya rasa na zaɓa tsakanin guda biyu, ni dai na ce ya ɗauki ƙaramin. Daidai ruwa daidai tsaki.

Bayan saye, sauran aiki. Tilas a sa sababbin tafet, a kuma tabbata sifirin ɗin bawul ya dace da sabuwar ɗagawar. Tafet ɗin tsofaffin injunan nan shafaffen gindi gare su, gogar tozo su ke yi kai tsaye. Don haka ran tashin fari a kan bar inji tsakanin juyi 2,000 da 2,500 har minti 20 ko 30, ba a barinsa ya yi silo, don mai ya fantsama sosai ƙarfe ya saba da ƙarfe. A kuma nemi man inji mai isasshen sinadarin tutiya da a ke kira ZDDP, gama an rage shi cikin man zamani don kada ya ɓata na'urar tace hayaƙi. In an yi sakaci da wannan, tozo ya kan cinye nan da nan, garin ƙarfe ya bi mai ya shiga ko'ina, sai an sauke inji duka.

Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Wanda ya auna tuƙinsa da gaskiya, ya zaɓi daidai da shi, zai sami mota mai tashi da kuzari, mai silo lafiya, mai tsayawa in an taka birki.