FASHIN BAƘI: Inda matattun wayoyi da talabijin ke ƙarewa a Najeriya, da gubar da suke bari a jikin jama'a

A shekarar 2022 kaɗai, duniya ta zubar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki, kama daga wayar hannu, kwamfuta da talabijin, har zuwa firji, fanka, dutsen guga da ƙwan fitila. Wannan adadi yana cikin rahoton da wasu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNITAR da ITU, suka fitar a watan Maris na 2024. Rahoton ya ce kashi 22.3 cikin 100 ne kacal aka tabbatar an tattara an kuma sarrafa ta hanyar da ta dace. A nahiyar Afirka kuwa, abin da aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai ko kashi ɗaya cikin 100 ba. Idan aka ci gaba a haka, in ji rahoton, sharar za ta kai tan miliyan 82 a shekarar 2030.

Kason Najeriya a wannan juji ya kai kimanin tan 500,000 a shekara, abin da ya sanya ta a sahun gaba a Afirka tare da Masar da Afirka ta Kudu. Kusan dukkan wannan shara tana bi ne ta hannun masu gyara, 'yan jari-bola da dillalan gwangwan, waɗanda kayan aikinsu ba su wuce guduma, sukundireba da ashana ba.

Ta ina suke shigowa?

An daɗe ana cewa ƙasashen Turai sun mayar da Afirka bolarsu, kuma zancen yana da tushe. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu duk shekara. Kusan kashi uku cikin huɗu sun taso ne daga tashoshin ƙasashen Tarayyar Turai, kuma aƙalla tan 15,000 daga ciki ba sa aiki tun kafin a sauke su. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne hanyar da suke bi: mafi yawansu ba a kwantena suke zuwa ba, ana cusa su ne a cikin motocin tokumbo, a cika kujeru da but da talabijin da injin buga takardu, a rufe ƙofa. Jami'in da ya zo duba mota, takardun mota yake dubawa.

Sai dai ɗora laifin gaba ɗaya a kan Turawa gudun gaskiya ne. Wani nazari da sakatariyar Yarjejeniyar Basel ta yi a ƙasashe biyar na Afirka ta Yamma, ciki har da Najeriya da Ghana, ya nuna cewa har kashi 85 cikin 100 na sharar lantarkin yankin daga gidaje da ofisoshin mazauna yankin take fitowa. Wato kayan da aka saya, sababbi ko na hannu, aka mora, suka mutu a nan. Kayan gwanjo dama sun ci rabin rayuwarsu a wani wuri. Sababbin masu araha kuma, irin su caja, tocila mai caji da 'yar rediyo, ba a ƙera su don su yi ƙarko ba. Ga kuma wutar lantarki mai hawa da sauka, wadda kan ƙone firji da talabijin a dare ɗaya.

Daga teburin mai gyara zuwa bakin wuta

A Najeriya da wuya na'ura ta tafi bola kai tsaye. Wayar da ta lalace takan fara yada zango ne a wurin masu gyara, a Computer Village da ke Ikeja, ko kasuwar Alaba, ko kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut a Kano. A can za a farke ta, a cire gilashi, a cire lasifika, a ɗauki wannan a raya wancan. Wannan mataki abin yabo ne, domin waya ɗaya da aka ƙara wa shekara biyu ta rage shara, ta kuma ciyar da gida. Ƙasashen da suka ci gaba ma yanzu dokoki suke kafawa don dawo da al'adar gyara da suka yi watsi da ita.

Matsalar tana farawa ne daga abin da mai gyara ya fid da rai da shi. Shi ne ɗan jari-bola zai saya da kilo, ya tura a baro ko kura zuwa wurin dila. Abin da ake nema a ciki sananne ne: jan ƙarfe, alminiyom, baƙin ƙarfe, sai kuma fanel, wato faifan da ke ɗauke da ƙananan na'urorin waya ko kwamfuta, wanda ke da ɗigon zinariya da azurfa. Ba ƙaramar dukiya ba ce. Rahoton na 2024 ya ƙiyasta darajar ƙarafan da ke cikin sharar lantarkin duniya ta 2022 a kan dala biliyan 91.

Hanya mafi sauri ta raba jan ƙarfe da robar da ta lulluɓe shi ita ce wuta. Ana tara wayoyin wuta, a ɗora tsohuwar taya ko soson da ke cikin bangon firji, a cinna. Robar ta narke, ƙarfen ya fito, baƙin hayaƙi ya turnuƙe unguwa. Talabijin mai ƙeya ana fasa shi da guduma don a ciro naɗin jan ƙarfen da ke wuyansa, a bar tarkacen gilashin a ƙasa. Firji kuma ana huda bututunsa, iskar sanyin ta tsere sama, man injinsa ya tsiyaye cikin ƙasa. Abin da ba shi da mai saye, wanda shi ne mafi yawa, yakan ƙare a kwata ko kududdufi.

An ƙiyasta cewa mutanen da ke wannan sana'a a Najeriya sun kai 100,000. A Legas da Abuja, da yawa daga cikin masu tura baron da masu ƙona wayar matasa ne 'yan ci-rani daga Arewa, wasunsu ma ba su balaga ba, kuma galibi a nan bakin bolar suke ci, a nan suke kwana.

Abin da hayaƙin ya ƙunsa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sarrafa sharar lantarki ta wannan hanya na iya sakin sinadarai masu cutarwa fiye da 1,000. Babba a cikinsu ita ce dalma. Gilashin tsohon talabijin ɗaya na iya ɗaukar fiye da kilo ɗaya na dalma, kuma da ita aka liƙe sassan tsofaffin fanel. Akwai zaiba a cikin dogon ƙwan fitila da fitilun da ke bayan gilashin tsofaffin kwamfutocin cinya. Akwai sinadarin kadmiyom a wasu batura, wanda ke taruwa a ƙoda. Robar da ke jikin wayar wuta kuwa, idan ta ƙone a fili, tana haifar da dayoksin, gubar da aka tabbatar tana jawo cutar daji, wadda kuma ba ta ruɓewa cikin sauƙi.

Arewacin Najeriya ba baƙon gubar dalma ba ne. A 2010, yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, sakamakon niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Ta Zamfara ta zo da ƙarfi, aka ga gawarwaki, duniya ta kawo ɗauki. Ta bolar lantarki kuwa sannu take shiga, ba ta da ranar da za a ce ga ta ta ɓarke. Likitoci sun ce babu wani adadin dalma a cikin jini da za a kira marar lahani. Jikin ƙaramin yaro yana zuƙar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, ga shi kuma a ƙasa yake wasa, hannunsa kullum a baki. Tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke kan girma, ta rage kaifin basira, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Yaron ba zai kwanta ciwo ba, sai dai a wayi gari ana cewa ba ya gane karatu. A jikin mace kuma dalma kan ɓuya cikin ƙashi tsawon shekaru, sai ta samu juna biyu ta dawo cikin jini ta isa ga ɗan tayi.

A rahotonta na watan Yunin 2021 kan yara da jujin lantarki, hukumar ta danganta wannan aiki da haihuwar jarirai ba rai, haihuwa kafin lokaci, ƙarancin nauyin jarirai da raunin huhu.

Gubar ba ta tsayawa kan mai ƙona waya. Toka takan bi iska, ruwan sama ya wanke ta zuwa rijiya da fadama, awaki da kaji su yi kiwo a kanta. A 2019, ƙungiyoyin IPEN da Basel Action Network sun gwada ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie, fitacciyar kasuwar gwangwan ta birnin Accra. Sun gano cewa wanda ya ci ƙwai ɗaya ya haɗiyi dayoksin ninki 220 na abin da hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce jiki zai iya jurewa a rana. Akwai ma wata hanyar da ba a cika lura da ita ba: tukwanen da maƙera ke zubawa da narkakken alminiyom na gwangwan. Gwaje-gwajen da aka yi a Kamaru sun nuna cewa irin waɗannan tukwane na iya sakin dalma cikin abinci, musamman mai tsami.

Doka akwai, aiki da ita ne babu

Najeriya ta koyi darasin shara mai guba tun 1988, lokacin da aka gano dubban gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, a Jihar Delta ta yanzu. A shekarar ce gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai shigo da irin wannan shara. Abin da ya faru a Koko yana cikin dalilan da suka gaggauta ƙulla Yarjejeniyar Basel a 1989, sannan ƙasashen Afirka suka yi tasu mai tsauri a Bamako a 1991. Daga ranar 1 ga Janairun 2025 kuma, gyaran da Ghana da Suwizalan suka gabatar ya fara aiki, wanda ya wajabta neman izinin ƙasar da za a kai wa kowace irin sharar lantarki kafin a loda ta a jirgi. Amurka dai har yau ba ta shiga yarjejeniyar ba.

A cikin gida, an kafa Hukumar Tabbatar da Bin Dokokin Muhalli, wato NESREA, a 2007. Ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, aka sabunta su a 2022. Ƙa'idojin sun haramta shigo da matattun kaya, sun kuma ɗora wa kamfanonin da ke ƙerawa ko shigo da kayan lantarki nauyin biyan kuɗin tattarawa da sarrafa su bayan sun mutu. Don haka aka kafa ƙungiyar EPRON a 2018, kuma a 2019 aka ƙaddamar da shirin dala miliyan 15 a Legas, da tallafin Asusun Muhalli na Duniya, don ɗora tsarin a kan ƙafafunsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne farashi. Kamfanonin da ke da lasisin sarrafa wannan shara, irin su Hinckley da E-Terra, 'yan ƙalilan ne, kuma akasari a Legas suke. Kamfani mai lasisi dole ya kashe kuɗi wajen killace gilashi mai dalma da roba mai guba. Ɗan jari-bola ba shi da wannan ɗawainiya, ya ɗauki mai tsada ya watsar da saura, saboda haka kullum zai fi kamfani taya kaya da daraja a ƙofar gida. Magidanci a Gusau ko Azare da ke da mataccen firji ba shi ma da zaɓi na biyu.

Hukumomi kan fi karkata ga kora da rusau. A watan Yulin 2021 gwamnatin Ghana ta rushe Agbogbloshie, amma masu sana'ar, waɗanda yawancinsu 'yan arewacin ƙasar ne, sai suka watsu cikin unguwanni, ƙonawar ta matso kusa da gidajen mutane. A Abuja ma, a watan Janairun 2025 an haramta yawon baban-bola a cikin birni, aka rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci, duk da cewa dalilin da aka bayar shi ne satar kayan gwamnati, ba lafiyar jama'a ba. Korar ɗan jari-bola ba ta rage tan ko ɗaya daga sharar da ake samarwa. Abin da aka gwada a Accra ya kuma nuna alamar nasara shi ne sayen wayar wuta daga hannunsa da robarta, a farashin da ya fi abin da zai samu idan ya ƙona, sannan a fere ta da inji. Babu wanda ya fi shi sanin lungun da mataccen kaya yake, kuma kuɗin da dokar 2022 ta ce kamfanoni su biya, irin wannan aikin ya kamata su yi.

A halin da ake ciki, wani sabon juji yana tafe. Tsadar fetur da ƙarancin wuta sun sa gidaje, shaguna, masallatai da asibitoci sun rungumi sola, musamman a Arewa. Yawancin baturan inbata da ake haɗawa da ita na dalma ne da ruwan asid, kuma a zafin wannan yanki ba sa wuce 'yan shekaru. Masu saye kan fasa su, su tuttular da ruwan a ƙasa, su sayar da dalmar ga masana'antun narkarwa, waɗanda da yawansu ke garin Ogijo na Jihar Ogun, inda mazauna suka daɗe suna kokawa da hayaƙi. Gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan batura a 2024. Batiran da aka saka a gidaje bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa, yanzu ne za su fara mutuwa.