Carrefour: Kantin Da Aka Kafa A Mararraba

Da yawa daga cikinmu mun san kalmar Faransanci "carrefour", wato mararraba. Nan sunan wannan kamfani ya samo asali, domin kantin farko da Marcel Fournier da iyalan Defforey suka buɗe a Annecy ta Faransa a 1960 yana daf da mararraba ne.

A 1963 suka gina katafaren kanti a Sainte-Geneviève-des-Bois, bayan garin Paris: abinci da sutura da kayan gida duk a wuri guda, ga filin aje motoci 400. Mai mota ya huta, amma ciniki ya soma ƙaurace wa ƙananan kantuna. Kukan masu su ya sa Faransa ta kafa dokar Royer a 1973, wadda ta wajabta neman izini kafin gina babban kanti.

Carrefour ya iso Abijan a 2015, Duwala kuma a 2017. Kafin mu juya wa mai kantin unguwa baya, mu tuna shi ke auna mana sukari gwargwadon kuɗinmu, shi ke ba mu bashi ranar babu. Babban kanti kuwa sai kuɗi hannu.